Fara, farko da mafari: ma'anarsu da kalmomin da ke kewaye da su

Fara kalmar aikatau ce a Hausa, ana nufin mutum ya sa hannu a abin da da can ba ya yi, ko wani abu ya kama hanya bayan da babu shi. Daga jikinta aka samu farawa da farko da fari da mafari da faro, har ma da faru. 'Yar uwarta ta kusa ita ce soma, kusan duk inda ɗaya ta zauna ɗayar ma za ta zauna, ya fara karatu da ya soma karatu duk abu guda ne, sai dai a kunnena nan Kaduna fara ta fi yawo a bakin matasa, soma kuwa ka fi jinta wajen manya da labaran rediyo.

Abin da ke rikita mai koyo shi ne rubutun boko ba ya nuna karin sauti kuma ba ya nuna tsawon wasali, shi ya sa kalmomi uku daban suke fitowa da kama ɗaya a takarda. Fara ta somawa ana jan wasalin farko, murya ta hau sannan ta sauka. Fara ƙwaron nan da ake soyawa a barbaɗa mata yaji ita ma ana jan ta, amma murya daga ƙasa take tasowa ta hau. Fara ta launi kuma, kamar farar riga, wasalinta na farko gajere ne. In ka rubuta "fara ta fara cin dawa" Bahaushe ba zai yi tuntuɓe ba ko kaɗan don kunnensa ya riga ya raba su. Haka fari ma, akwai na ɗan fari, akwai farin launi, akwai farin rashin ruwa irin wanda ya addabi ƙasar Hausa da Sahel a 1973. Ƙamusun Bargery na 1934 yana sa alamomi don bambance irin waɗannan, amma jarida da saƙon waya babu ruwansu, jimla ce kawai ke fitar da kai.

Farko suna ne, kuma wasalinsa gajere ne duk da daga fara ya fito, dalili kuwa Hausa ba ta barin dogon wasali a gaɓar da baƙi ya rufe. Shi ne ke cikin da farko, tun farko, karon farko, tashin farko, farkon damina. Shi ne kuma ke buɗe jerin ƙirga matsayi, na farko na biyu na uku, misali Sardauna Ahmadu Bello shi ne Firimiyan Arewa na farko daga 1954. Na ɗaya ma ana faɗa amma ta fi zama a sakamakon jarrabawa ko gasa, yaro ya zo na ɗaya a aji.

Fara tana da ma'ana ta biyu da mutane ke amfani da ita kullum ba tare da sun lura ba, wato riga. In aka ce shi ya fara zuwa, yawanci ana nufin ya riga kowa isowa ne, ba wai ya soma zarya ba. Faro kuma tana nuna abin ya taso daga can ya nufo nan, gobarar ta faro daga bayan kasuwa. Ita ko faru ta yi nisa da gida har ta koma aukuwa, me ya faru, amma in ka duba gininta irin na taru da gyaru ne.

Inda kalmar ta fi nauyi a rayuwar Bahaushe shi ne ɗan fari. Ana cewa auren fari, cikin fari, haihuwar fari, kuma kowanne da al'adarsa, mace in za ta yi haihuwar fari a da gidan iyayenta take komawa ta yi wankan jego a can uwa na kula da ita, a gidaje da yawa har yanzu haka ake. Sai kunyar ɗan fari, uwa ba ta kiran sunansa, wata ko wasa ba ta yi da shi a gaban mutane, sai dai ta ce wannan yaron ko ta yi masa laƙabi, sau da yawa ma kaka ce ke ɗauke shi bayan yaye. Wanda bai san abin ba zai zaci rashin so ne, wallahi ba haka ba ne, kara ce da kawaici. A unguwanni irin su Tudun Wada da Rigasa za ka samu tsofaffin da har gobe ba sa iya furta sunan ɗansu na fari ko da ya yi furfura, 'yan zamani kuwa da yawa sun sake.

Mafari da masomi suna nuna inda abu ya samo kansa ko dalilinsa, mafarin rigima, masomin ciwo. Tushe da asali suna kusa da su amma sun fi zurfi, tushe gindin abu ne, asali kuma aro ne daga Larabci. Karin magana ta ce tushiya mafarin dawa. In ana labarin garin nan sai a ce mafarin girman Kaduna shi ne dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917.

Larabci ya ba mu wasu da dama. Awwal ita ce ta zama Auwalu da Lawal da Lawan, sunan da ake ba Muhammadu na farko a gida, Sani ya biyo, sai Salisu da Rabi'u, Awwal ɗin ce kuma a watan Rabi'ul Awwal. Akwai muƙaddima ta littafi wadda ake kira gabatarwa ko shimfiɗa, akwai tun fil azal. Bismillah kuwa ta zama kalmar farawa da kanta, in an ajiye kwano aka ce maka bismillah ai an ce sa hannu ke nan. Kiristoci masu karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa su ma littafin farko Farawa suke kiransa.

Abin da ya fi burge ni shi ne a magana ta yau da kullum kusan kowane abu da kalmarsa ta farawa. Mota ba a fara ta, tada ta ake yi, in ta ƙi tashi a tura, ka je Panteka wajen masu gyara a Kaduna ka ji. Talabijin da fitila kunna su ake. Ƙwallo a filin wasa na Ahmadu Bello take ta ake, za a take wasa ƙarfe huɗu. Wata tsayawa yake ko ya kama, azumi ɗauka ake, damina faɗuwa take, sallah a tada ta da kabbara, gini a aza harsashinsa, ƙungiya a kafa ta, shago a buɗe, sabuwar ɗabi'a a tsire ta. Aikin gwamnati ƙaddamarwa ake, kamar jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka ƙaddamar a Yulin 2016. Mutum ya kama aiki, ya hau faɗa, ya fashe da kuka. Wanda ke sa fara a duk waɗannan wuraren za a gane shi, amma Hausarsa za ta yi lami.

Sai waɗanda ke gaban farawar kanta, sharar fage ita ce abin da ake yi kafin ainihin abin ya zo, kamar ƙananan 'yan dambe kafin manya su shigo. Somin taɓi kuma an riga an fara amma kaɗan aka gani, ana faɗinta a zafin watan Maris tun Afrilu bai zo ba, ana faɗinta kuma in farashin buhun masara ya ɗaga a kasuwa tun damina ba ta faɗi ba.