Fenilalanin

Fenilalanin ɗaya ne daga cikin sinadaran amino 20 da jiki ke gina furotin da su, kuma yana cikin guda 9 da jikin ɗan Adam ba ya iya haɗawa da kansa, sai dai ya samu a abinci. Masana biyu, Schulze da Barbieri, su ne suka fara gano shi a 1879 cikin wani tsiro dangin wake. Yana da yawa a nama, kifi, ƙwai, nono, wake, gyaɗa da waken suya. Wanda ya karya da ƙosai ko awara ya riga ya ci shi. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2007, baligi yana buƙatar miligiram 25 a rana kan kowane kilo na nauyinsa, idan an haɗa da tayirosin, wani sinadarin amino ɗan'uwansa. Mai kilo 60 ke nan giram 1.5 ya ishe shi.

A hanta ne wani enzayim, wato furotin mai sarrafa wasu sinadarai, ke juya fenilalanin ya zama tayirosin. Daga tayirosin kuma jiki ke yin dofamin da adiranalin da noradiranalin, waɗanda ke kai saƙo a ƙwaƙwalwa da sauran jiki, da melanin mai ba fata da gashi launi.

Inda sinadarin yake zama guba shi ne ga masu cutar fenilketonuriya, wadda ake taƙaitawa PKU. Cuta ce ta gado, sai yaro ya ɗauko ta daga uwa da uba duka, shi ya sa ta fi yawa a inda auren zumunci ya yawaita, kamar Turkiyya. Enzayim ɗin hantar ba ya aiki, sai sinadarin ya taru a jini ya lalata ƙwaƙwalwa. Jariri yakan zo lafiya lau, bayan 'yan watanni sai a ga jinkirin girma, farfaɗiya, fata da gashi sun yi haske, ga wani wari kamar na ruma a fitsari da jiki. Likita ɗan Norway Asbjørn Følling ya bayyana cutar a 1934, bayan wata uwa ta kawo masa 'ya'yanta biyu. A 1953 Horst Bickel ya nuna a Birmingham ta Ingila cewa rage sinadarin a abinci yana taimakawa, sannan Robert Guthrie na Amurka ya samar da gwajin ɗigon jini daga dugadugin jariri a farkon shekarun 1960. Saboda waɗannan majinyata ne ake rubuta gargaɗi a jikin lemon da aka zaƙa da asfatam, sinadarin zaƙi da ake sawa maimakon sukari, domin kusan rabin nauyin asfatam fenilalanin ne.

Batun ko fenilalanin yana jawo hawan jini kuwa bai kai wannan tabbaci ba. A hankalce akwai dalilin zargi, tunda noradiranalin yana matse jijiyoyin jini. Wani bincike da aka yi a Tehran, aka buga a 2018, ya sami hawan jini ya fi kama waɗanda abincinsu ke da yawan fenilalanin da danginsa. Amma irin wannan binciken tambayar mutane ake yi me suke ci, kuma mai yawan cin nama galibi yana haɗawa da gishiri da kitse, da wuya a ware laifin ɗaya. A shekarar dai, gwaji kan ɓeraye masu hawan jini a Landan ya nuna akasi: fenilalanin ya ƙara musu sinadarin BH4 mai taimaka wa jijiyoyin jini su buɗe, jijiyoyinsu suka fi sakewa.

Haɗarin da likitoci suka fi jaddadawa yana ga ƙwayoyin ƙarin fenilalanin da ake sayarwa, idan aka haɗa su da magungunan ciwon damuwa ajin MAOI, domin jini na iya hawa farat ɗaya. Haka kuma sinadarin yana gogayya da levodopa, maganin cutar Parkinson, wajen shiga jini da ƙwaƙwalwa, shi ya sa ake shawartar wasu majinyata su raba lokacin shan maganin da lokacin cin nama ko wake.