Mece ce "Pi" a jinin doki?

Wanda ya taɓa duba tsohuwar takardar gwajin jinin dokin sukuwa daga Ingila ko Amurka zai ga haruffa biyu, Pi, sannan a gabansu wasu kamar L da U. Ba lissafin da'ira ake nufi ba. Gajarta sunan wasu furotin ne da ke yawo a ruwan jini, wato ruwan nan mai launin ɗorawa da ke tasowa sama idan ƙwayoyin jini suka kwanta. Harafin P na furotiyes ne, harafin i kuma na kalmar Turanci mai nufin abin da ke hanawa. A taƙaice, mai taka wa furotiyes birki.

To, shi furotiyes ɗin fa? Sinadari ne da aikinsa yanka furotin gunduwa-gunduwa. Uwargidan da ta naɗe nama mai tauri a ganyen gwanda ya kwana, da safe ta tarar ya yi laushi, ta ga aikin wani daga cikin danginsa da idonta. Jiki ma yana da nasa iri-iri. Wanda ya fi shafar zancenmu shi ne elastes, makamin da fararen ƙwayoyin jini ke saki idan sun rutsa da ƙwayar cuta. Matsalar ita ce elastes bai san gida ba bai san daji ba. Idan aka bar shi, zai cinye zaren da ke sa huhu ya buɗe ya koma kamar roba. Shi ya sa hanta ke ƙera Pi tana zubawa a jini.

Yadda yake kamun ya fi komai burge ni. Furotin ɗin yana da wani lanƙwasasshen reshe da ya miƙo waje, kamar ƙuli-ƙulin da aka saƙala a tarkon ɓera. Elastes ya zo ya kai cizo, yana yankawa sai tarkon ya fyaɗe, ya finciko shi zuwa ɗaya ƙarshen, ya murɗe masa baki yadda ba zai ƙara yankan komai ba. Su biyun a manne za su ƙare, hanta ta kwashe su. Tarko ɗaya, ɓera ɗaya, babu sake ɗanawa. Masana na kiran dangin furotin masu irin wannan tarko da suna safin (serpin a Turance) tun 1985, kuma a shekarar 2000 ne wasu masu bincike a Kambirij suka fitar da surar tarkon riƙe da abin da ya kama.

A ɗan Adam ƙwayar gado guda ce, wato umarnin halitta da ake gada daga iyaye, ke da aikin ƙera Pi, kuma a 1963 masana biyu, Laurell da Eriksson, suka gano a birnin Malmo na Suwidin cewa wasu mutane ana haihuwarsu da ƙarancinsa, huhunsu ya lalace tun da sauran ƙuruciya, musamman masu shan taba.

Doki kuwa nasa daban ne. Ƙwayoyin gadon da ke ƙera Pi a jikinsa ba ɗaya ba ce, aƙalla huɗu aka bayyana, ana ce musu Spi1 zuwa Spi4, kuma suna jere kusa da juna ƙwarai har ba kasafai suke rabuwa ba wajen gado. Dukushi yakan karɓi dami guda daga ingarma, dami guda daga goɗiya. Saboda haka harafin L ko U da ke kan takarda sunan damin ne gaba ɗaya. Kuma 'yan damin ba aikinsu ɗaya ba: Spi1 ne ya fi kama da na mutum, yana kama elastes, amma sinadaran da fararen ƙwayoyin jini ke fesawa a wurin kumburi suna iya kashe masa kaifi. Wasu 'yan uwansa wannan bai dame su ba, sai dai abin da suke kamawa ya bambanta.

Da farko ma ba Pi ake ce musu ba. Pr ake cewa, kuma sunan daga ɗakin gwaji ya fito. Akan ɗiga ruwan jini a gefen wani faranti mai kamar daskararren kamu, a sa masa wutar lantarki, furotin su yi ta rarrafe, kowanne da saurinsa. Bayan sa'o'i a zuba rini, sai layuka su bayyana kamar zanen tabarma. Furotin ɗin Pi sukan wuce gaban albumin, babban furotin na jini, sai aka sa musu suna "na gaban albumin". Wani masani mai suna Braend na ƙasar Norwe ya bayyana yadda ake gadonsu a 1970. Daga baya aka gane ashe masu hana furotiyes ne, suna ya sauya. Masu bincike Pollitt da Bell a Ostireliya, a farkon shekarun 1980, suka rarrabe iri takwas a dawakin sukuwa na Thoroughbred: F, G, I, L, N, S1, S2 da U. Idan aka haɗa da sauran jinsunan dawaki, an ƙirga fiye da ashirin.

Wannan yawan ne ya sa masu rajistar dawaki suka rungume shi. Dukkan damin biyu suna fitowa a faranti, babu wanda ke danne wani, ba kamar launin gashi ba, inda akawali ko kili zai iya ɓoye abin da ya gada. A ce goɗiya L da L ce, ɗanta kuma ya fito L da U. Dole U daga uba ta zo. Idan ingarman da aka rubuta F da N ne, magana ta ƙare, ba shi ba ne. Amma a lura, idan yana da U ɗin, wannan bai tabbatar da shi ba, domin ingarmu masu U suna da yawa. Gwajin korewa yake yi, shi ya sa ake haɗa shi da rukunin jini da wasu furotin irin su taransferin, mai ɗaukar sinadarin ƙarfe a jini. A harkar da ake biyan maƙudan kuɗi don barbara guda, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Yanzu an bar wannan hanya. Ƙungiyar Jockey Club ta Amurka ta koma gwajin DNA, wato duba ƙwayoyin gadon kai tsaye, daga dukusan da aka haifa a 2001, kuma ba a ma buƙatar allura: a tsige 'yan silin geza da saiwarsu, a sa a ambulan, a aika ɗakin gwaji.