Mutum da kuɗinsa a iyakar Maigatari: abin da doka ta ce

Yarjejeniyar 1979 ta ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90, muddin yana riƙe da takardar tafiya. In zai wuce haka, sai ya nemi izinin zama a Hukumar Shige da Fice. Nijar, wadda ke iyaka da Najeriya a Maigatari, ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, amma ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar takardun 'yan ƙasar har sai an yanke wata shawara.

A ƙauyukan Gumel da Maigatari, waɗannan baƙi su ne 'yan ci-rani daga Damagaram da ke zuwa yankan riɗi da tsinkar zoɓo. Ɗan ƙwadagon gida yakan yi ƙorafin sun karya kuɗin aiki, kuma yana da gaskiyarsa. Manomi kuwa ya san riɗin da aka yi jinkirin yankewa a ƙasa yake zubewa. Baƙon ma a nan yake sayen hatsi da atamfa kafin ya koma.

Kuɗi kuma dokarsa daban ce. Tun 1995 Najeriya ta ba baƙo mai jari damar mallakar kamfani gaba ɗaya a mafi yawan sana'o'i, ya kuma fitar da ribarsa, in dai ta banki ya shigo da jarin aka ba shi takardar shaida. Falken shanu mai ɗaure sefa a lalita ba shi da wannan gata. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta ce duk mai ƙetare iyaka da tsabar kuɗin da ta haura dala 10,000, ko kwatankwacinta, dole ya bayyana wa kwastan. Ɗaukar kuɗin ba laifi ba ne, ɓoyewar ce laifi, hukuncinta kuwa ƙwace kuɗin, ko ɗaurin aƙalla shekara biyu, ko duka biyun. Mai shirin loda tirelar shanu ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, yana iya haura wannan adadi bai ankara ba.

An gwada rufewa ma. Gwamnatin Buhari ta garƙame iyakokin tudu a Agustan 2019 don hana fasa-ƙwaurin shinkafa, sai Disamban 2020 aka buɗe huɗu, har da Maigatari. A ganina, dillalan kara da masu lodi ne suka fi jin jiki, don mai fasa-ƙwauri dama ba ta ƙofa yake bi ba.