Man birki a motar lantarki: yaushe ake canza shi, kuma don me?

Ba an ce motar lantarki ba ta buƙatar canjin mai ba?

Man inji ne ba ta buƙata, tunda babu injin fetur a cikinta. Amma birkinta na ruwa ne, irin na yawancin motoci. Idan ka taka, man birki ne ke bi ta bututu ya matse takalman birki a jikin faifan da ke bayan taya. Wannan man yana nan, kuma yana tsufa.

To ai da wuya ake taka birkin, motar da kanta take rage gudu. Me zai lalata man?

Gaskiya ne. Da ka ɗaga ƙafa daga totur, injin lantarkin sai ya koma janareta, ya riƙe motar, ya mayar da ƙarfin gudun cikin batir. Shi ya sa takalman birkin waɗannan motoci suke daɗewa ba su cinye ba. Sai dai man birki ba yawan aiki ne ke kashe shi ba, danshi ne. Nau'ikan man birki masu lamba DOT 3 da DOT 4 da DOT 5.1 duk suna jan danshin iska kamar yadda gishiri ke yi, ta jikin tiyon roba da ta ƙaramar kafar numfashi da ke murfin tankin man. Ko motar tana ajiye, yana ci gaba da sha.

Ga inda haɗarin yake. Bisa ƙa'ida, sabon DOT 4 ba zai tafasa ba sai zafi ya kai aƙalla digiri 230 a ma'aunin Salshiyos. Idan ruwan cikinsa ya kai kashi 3.7 cikin ɗari, abin da ƙa'idar ta tanada ya sauko zuwa 155. Na DOT 3 kuwa daga 205 ne zuwa 140. Da man ya tafasa sai tururi ya taru a bututu, shi kuma tururi matsewa yake yi, ba ya tura komai. Direba zai taka ya ji ƙafarsa ta tafi ƙasa, mota ba ta tsaya ba.

Abin da ya fi damuna shi ne lokacin da hakan ke faruwa. Idan batir ya cika maƙil, ko ya yi sanyi ƙwarai, ba ya iya karɓar wuta da yawa, don haka motar takan rage wannan riƙon na lantarki ko ta daina shi gaba ɗaya. Ka ɗauka mutum ya yi caji ya cika a saman tsauni, ya kama doguwar gangara da iyali da kaya. Duk nauyin ya koma kan birkin da ya yi watanni yana hutawa, ga motar lantarki dama ta fi takwararta ta fetur nauyi saboda batir. A ranar ne ake gane ko man yana da lafiya. Ban da wannan, ruwan da man ya sha yana sa tsatsa a cikin bututu da na'urar ABS (mai hana taya kullewa idan an taka birki da ƙarfi), kuma gyaran waɗannan ya fi canjin mai tsada nesa ba kusa ba.

Bayan wane lokaci ake canzawa?

Littafin motarka ne alƙali. Kamfanoni da yawa suna cewa duk shekara biyu, ko an yi tafiya ko ba a yi ba. Wasu kuma suna cewa a gwada man, a canza idan ya gaza.

Ba zan iya ganewa daga launinsa ba?

Idan ya yi duhu, lallai ya tsufa. Amma man da ya sha ruwa yana iya zama garau a ido. Akwai ƙaramar na'ura mai kama da biro da ake tsomawa a tanki ta nuna yawan ruwan; idan ya kai wajen kashi 3, lokaci ya yi. Wadda ta fi ta inganci ita ce mai dafa ɗan man ta auna inda yake tafasa.

Zan iya canzawa da kaina a gida?

A tsohuwar mota aikin mutum biyu ne: ɗaya yana taka birki, ɗaya yana kwance ƙaramin noti a kowace taya har tsohon mai da iska su fita. A yawancin motocin lantarki abin ya wuce nan. Kwamfuta ce ke raba aiki tsakanin injin lantarki da birkin ruwa, kuma a wasu ba ƙafarka ce kai tsaye ke tura man ba, famfon lantarki ne. Irin waɗannan sai an jona na'urar bincike ta buɗe bawul-bawul na ciki, in ba haka ba tsohon mai ko iska su maƙale. Shawarata a kai wa bakaniken da ya san samfurin motar kuma yake da na'urar. Wanda ya buɗe gaban mota don duba tanki kawai, ya nisanci wayoyi masu launin ruwan lemo, su ne masu babbar wuta.

Wane mai zan saya?

Wanda aka rubuta a murfin tankin. Wasu motocin suna son DOT 4 mai tsinkakken jiki, domin ya ratsa ƙananan kafofin ABS da sauri ko a sanyi. A kula da DOT 5: sunansa ya yi kusa da DOT 5.1, amma na silikon ne, ba a haɗa shi da sauran. A yi amfani da sabuwar kwalba mai hatimi, don wadda aka buɗe tuntuni ta riga ta sha danshi. Idan ya ɗiga a fenti a wanke da ruwa nan take, yana cin fenti.

Na ga man ya ragu a tanki. In ƙara kawai?

Man birki ba ya ƙarewa saboda aiki. Idan ya sauka a hankali, mai yiwuwa takalman birki ne suka cinye. Tunda a motar lantarki ba sa saurin cinyewa, raguwar da ta fito fili ta fi nuna yoyo. A duba tiyo da bayan kowace taya ko akwai jiƙa kafin a sake hawa titi da motar.