Waiwaye Kan Shirye-shiryen Talabijin Da Ake Ginawa A Kan Tambaya Guda

Akwai nau'in shirin talabijin mai dogon zango da ake iya bayyana shi a jimla ɗaya, kuma jimlar ta isa ta sa mutum ya nemi kashin farko ko da bai san ko ɗaya daga cikin 'yan wasan ba. Jirgin sama ya faɗi a tsibirin da ba ya cikin taswira. Mutum 456 da bashi ya yi wa katutu sun shiga gasar wasannin yara, inda ake kashe duk wanda ya faɗi. Ma'aikatan wani kamfani sun yarda an raba musu tunani gida biyu, ta yadda idan suna wurin aiki ba su san rayuwarsu ta gida ba. Irin wannan ƙulli shi ne jarin shirin, shi ne tallarsa, kuma shi ne alkawarin da aka yi wa mai kallo cewa akwai amsa a gaba. Alkawari kuwa kaya ne. Wanda ya bi tarihin waɗannan shirye-shirye tun daga ƙarshen shekarun 1950 zai ga cewa sauke wannan kaya ya dogara ne, fiye da komai, a kan tsarin kasuwancin talabijin na kowane zamani da kuma wanda ke riƙe da ikon cewa labari ya zo ƙarshe.

Tushen abin a Amurka yake, kuma takurawa ce ta haife shi. Marubuci Rod Serling ya yi suna a tsakiyar shekarun 1950 da wasannin kwaikwayo na talabijin masu taɓo matsalolin jama'a kai tsaye, a lokacin da kamfanonin da ke ɗaukar nauyin shiri ke da ta cewa a kan kowane layi na rubutu. Da ya rubuta wasa a kan kisan Emmett Till, yaron nan baƙar fata ɗan shekara 14 da aka kashe a jihar Mississippi a 1955, sai aka yi ta yi wa rubutun kwaskwarima, aka ɗauke labarin daga kudancin ƙasar, aka sauya wanda aka kashe, har abin da ya fito bai yi kama da abin da ya nufa ba. Darasin da ya ɗauka shi ne cewa maganar da ba za a bari ɗan Adam ya faɗa ba, za a bar baƙon halitta daga wata duniya ya faɗe ta. A watan Oktoban 1959 ya fara The Twilight Zone a tashar CBS, wanda ya ɗauki zango 5 da kashi 156 kafin ya tsaya a 1964, kuma shi da kansa ya rubuta 92 daga cikinsu.

Kashi ɗaya na shekarar 1960 ya isa ya nuna yadda dabarar ke aiki. Wani haske ya gifta a sama, sai wutar lantarki ta ɗauke a wata unguwa, tarho ya daina aiki, motoci suka ƙi tashi. Wani yaro ya ce ya taɓa karanta cewa baƙin halittu kan turo 'yan leƙen asiri masu siffar mutane kafin su iso. Daga nan maƙwabtan da suka yi shekaru suna zaman lafiya suka shiga duban juna: wannan me ya sa motarsa ta tashi ita kaɗai, kuma me yake yi a waje da tsakar dare yana kallon sama. Kafin gari ya waye sun harbe ɗaya daga cikinsu. Duk wanda ya rayu a zamanin farautar 'yan gurguzu na Sanata Joseph McCarthy ya san inda aka dosa, amma babu kamfanin talla da zai iya nuna layin da ya ce a goge. Wani abu kuma da ya taimaki Serling shi ne kowane kashi labari ne mai zaman kansa, a ƙulla shi a warware shi cikin dare ɗaya, don haka mai kallo ba ya kwana yana bin kowa amsa.

Matsala ta fara ne da aka ɗauki ƙulli guda aka shimfiɗa shi a kan shekaru. The Fugitive, wanda tashar ABC ta fara a 1963, labarin likita ne da aka yanke wa hukuncin kisa bisa zargin kashe matarsa, ya tsere yana neman mutum mai hannu ɗaya da ya gani yana fitowa daga gidansa. Kowane mako likitan yana sabon gari da sabon suna, ɗan sanda na biye da shi, babbar tambayar kuma tana nan inda take. Haka tashoshi suke so, domin ribar shiri a lokacin tana cikin sake sayar da tsofaffin kashi ga ƙananan tashoshi, waɗanda ke son su nuna su a kowane jeri ba tare da mai kallo ya rikice ba. Labarin da ya ƙare kuwa ana ganin darajarsa ta ragu a wannan kasuwa. Duk da haka an yi wa shirin ƙarshe a watan Agustan 1967, kuma kimanin mutum miliyan 78 suka zauna suka kalla, adadin da ya nuna ƙarara cewa jama'a na riƙe da lissafin abin da aka yi musu alkawari.

A Ingila an bi hanyoyi biyu masu nisa da juna. Doctor Who, da BBC ta fara ranar 23 ga Nuwamban 1963, ya samo maganin tsufa a 1966 lokacin da lafiyar ɗan wasansa na farko, William Hartnell, ta gaza: aka shigar da shi cikin labarin cewa jarumin na iya sabunta jikinsa, wani ɗan wasa ya karɓa a ci gaba. The Prisoner na Patrick McGoohan kuwa kashi 17 kacal ya yi tsakanin 1967 da 1968, a kan wani jami'in leƙen asiri da ya ajiye aiki, ya farka a wani ƙauye inda aka cire wa kowa suna aka ba shi lamba. Kashin ƙarshe ya ƙi ba da amsar da masu kallo suka zata, kuma fushin da ya biyo baya irin wanda za a sake gani ne sau da dama.

Shi kansa salon sayar da shiri da jimla ɗaya ya kafu a matsayin ka'idar kasuwa ne a ABC, inda Barry Diller ya kula da fina-finan mako-mako da aka fara a 1969. Fim ɗin da za a nuna sau ɗaya ba shi da lokacin tara masoya, saboda haka dole labarinsa ya shiga layi biyu na jadawalin jarida da 'yan daƙiƙoƙin talla.

Twin Peaks na David Lynch da Mark Frost ya zo a Afrilun 1990 da tambayar wanda ya kashe wata ɗaliba a wani ƙaramin gari. Masu shirin sun so tambayar ta daɗe a buɗe, domin a wurinsu kisan ƙofa ce ta shiga ɓoyayyun al'amuran garin. Tashar ABC ta matsa a bayyana mai laifin, aka bayyana shi a farkon zango na biyu, masu kallo suka watse, aka dakatar da shirin a 1991. A nan tasha ce ta tilasta amsa kafin lokacinta. Shekaru 14 bayan fitowarsa, a wannan tashar dai, aka ga kishiyar haka.

Lost ya fara ranar 22 ga Satumban 2004, da kashin gwaji da aka kashe wa fiye da dala miliyan 10, kuɗin da ba a saba gani ba a lokacin. Fasinjojin jirgin da ya faɗi sun tarar da farin beyar na yankin ƙanƙara a tsibiri mai zafi, da wani dodo mai kama da hayaƙi, da ƙofar ƙarfe a binne cikin ƙasa. Abin da ya bambanta shi da na baya shi ne ya zo daidai da lokacin da intanet ya ba masu kallo damar tsayar da hoto, su kwafi abin da ke rubuce a bango, su yi ta muhawara har mako ya zagayo. Kowace alama da aka jefa ta zama abin da dubban mutane ke jiran bayaninsa. Marubutan, Damon Lindelof da Carlton Cuse, sun sami kansu suna cika kashi fiye da 20 a kowace shekara ba tare da sanin yawan shekarun da suka rage ba, kuma wanda bai san tsawon tafiya ba ba zai san inda zai fara sakin amsoshi ba. A zango na uku aka kulle manyan jaruman cikin keji na tsawon makonni, aka kuma ɓata kashi guda cur wajen bayanin zanen da ke jikin babban jarumin shirin. A watan Mayun 2007 suka cimma yarjejeniya da ABC cewa shirin zai ƙare a 2010. A ganina wannan yarjejeniya ta fi kashin ƙarshe na shirin muhimmanci a tarihi, domin abu ne da ba a saba ba babbar tasha ta yarda ta sa wa shirin da ke kawo mata kuɗi ranar tsayawa tun da sauran shekaru 3. Ƙarshen da aka nuna ranar 23 ga Mayun 2010 ya raba kan masu kallo har yau, amma labarin ya sami inda ya dosa tun daga ranar da aka tsayar da wa'adin.

Masu kwaikwayo ba su ɗauki wannan ɓangaren ba. Jimlar tallar kawai suka gani. A 2005 manyan tashoshi uku suka fito da Invasion da Surface da Threshold, kowanne da baƙin halittu da asirinsa, kuma babu wanda ya wuce zango ɗaya. FlashForward na 2009 ya zo da ƙulli mai kyau ƙwarai, wato dukkan mutanen duniya sun suma na minti 2 da daƙiƙa 17 sun hango rayuwarsu ta watanni 6 masu zuwa, shi ma ya tsaya a zango ɗaya da tambayoyinsa a rataye. Nasara ma kan zama matsala: jaruman Prison Break sun tsere daga kurkuku a ƙarshen zangon farko, wanda ke nufin labarin ya cika, amma tun da jama'a na kallo sai aka yi ta nemo musu sababbin kurkuku.

Lindelof ya dawo da wata amsa ta dabam a The Leftovers, wanda HBO ta nuna daga 2014 zuwa 2017. Kashi 2 cikin 100 na mutanen duniya sun ɓace a rana ɗaya, kuma tun da wuri aka fahimtar da mai kallo cewa ba binciken inda suka tafi ne aikin shirin ba. Hankali ya koma kan waɗanda aka bari, musamman wata mata da mijinta da 'ya'yanta biyu suka ɓace daga teburin karin kumallo a daidai lokacin da ta juya baya. Kashi 28 ne duka, masu kallonsa ba su da yawa, amma a nan ne aka nuna cewa ƙulli na iya zama hanyar duban baƙin ciki da imani, ba lallai sai kacici-kacin da ke jiran amsa ba.

Zuwan kamfanonin da ke nuna shiri ta intanet ya sauya lissafin gaba ɗaya. Zango ya ragu zuwa kashi 8 ko 10, ana iya sakin su lokaci guda, kuma a kan allon da ke cike da ɗaruruwan hotuna shirin da ke bayyana kansa a jimla ɗaya shi ke jan ido. Irin wannan jimla kuma tana tsallake harshe ba tare da wahala ba. Black Mirror na Charlie Brooker, wanda ya farfaɗo da tsarin labari ɗaya a kowane kashi a Channel 4 a 2011, ya koma Netflix a 2016. Dark na ƙasar Jamus ya ɗaure iyalai 4 na gari ɗaya da tafiya tsakanin zamunna masu tazarar shekara 33, ya kuma kammala cikin zango 3 a 2020 kamar yadda masu shi suka tsara. Squid Game na Koriya ta Kudu, shirin gasar mutum 456 ɗin nan, wanda Hwang Dong-hyuk ya rubuta tun wajajen 2009 ya kuma yi shekaru bai sami mai saye ba, ya fito a Satumban 2021, aka kalle shi na sa'o'i biliyan 1.65 cikin kwana 28 na farko. Kyautar won (kuɗin Koriya ta Kudu) biliyan 45.6 da abin rufe fuska na masu gadi su suka ja hankali, amma abin da ya riƙe mutane shi ne kashi na biyu, inda aka sallami 'yan wasan suka koma gida, suka tarar da masu bin bashi da uwa marar lafiya, sannan mafi yawansu suka koma gasar da ƙafarsu.

Sabon tsarin ya rage cikon da ya addabi Lost, sai dai ya zo da nasa ciwon. Kamfanin yana ganin yawan waɗanda suka fara shiri da yawan waɗanda suka kai ƙarshensa cikin makonnin farko, yana auna wannan da kuɗin da zango na gaba zai ci, kuma shiri mai babban ƙulli yawanci mai tsada ne. An tsara The OA a kan zango 5, aka tsayar da shi a 2019 bayan 2. Masu Dark sun fito da wani shiri mai suna 1899 a Nuwamban 2022 da niyyar yin zango 3, Netflix ta dakatar da shi a Janairun 2023, bayan kashin ƙarshe ya buɗe tambayar da ta fi ta farko girma. Manifest ya yi sa'a, domin bayan NBC ta yar da shi a 2021 yawan masu kallonsa a Netflix ya sa aka ba shi zango na ƙarshe. Wanda ya tsira ma yakan jinkirta: Severance, shirin ma'aikatan da aka raba wa tunani gida biyu, ya fito a Apple TV+ a Fabrairun 2022, zangonsa na biyu bai zo ba sai Janairun 2025, kuma yajin aikin marubuta da 'yan wasa na 2023 na cikin abubuwan da suka jawo hakan. Mai kallon da aka sha barinsa a tsakiyar labari yakan yanke shawarar ba zai fara sabon shiri ba sai ya tabbatar an kammala shi, kuma wannan jiran yana rage alƙaluman makonnin farko, waɗanda su ne kamfanin ke dubawa kafin ya amince da zango na biyu.