Akwatin zaɓi a jerin manhajojin waya

Akwatin zaɓi ƙaramin murabba'i ne da ake sa wa a gefen layi a fuskar waya, wanda idan aka danna shi sai alamar maki ta bayyana a ciki, idan aka sake dannawa ta ɓace. Da shi ne mai waya ke ware abubuwa da yawa a lokaci guda: saƙonnin da zai goge, ko mutanen da zai tura wa hoto, ko kayan cefanen da ya riga ya saya. Ya bambanta da maɓallin nan mai da'ira wanda ba ya barin a zaɓi fiye da abu ɗaya. A Android ana kiransa CheckBox, kuma yana nan tun fitowar tsarin a 2008. A iPhone kuwa, al'adar da aka saba ita ce a sa alamar maki kawai a ƙarshen layin, ba tare da akwati ba.

Kamanninsa

Ana iya sauya siffar akwatin ta hanyar ba shi hotuna biyu ko fiye, ɗaya na lokacin da yake fanko, ɗaya na lokacin da aka zaɓe shi, a haɗa su cikin fayil ɗin da ake kira selector, sannan a liƙa shi a jikin akwatin ta hanyar saitin android:button. Daga Android 5.0, wadda ta fito a 2014, an ƙara buttonTint, wanda ke sauya launi kaɗai ba tare da an zana sabon hoto ba. Abin da ya fi launi muhimmanci shi ne girman wurin da yatsa zai taɓa. Ƙa'idar Google ta ce kada ya gaza 48dp (dp ma'aunin girma ne a allon Android) a tsawo da faɗi, wato kusan milimita 9, ko da akwatin da ake gani bai kai haka ba. Dattijon da hannunsa ke rawa, ko mai danna waya a bayan babur, shi ya san amfanin wannan ƙa'ida.

Wa ke karɓar dannawa

Matsala ta farko da sabon mai koyo ke cin karo da ita a ListView, wato ɓangaren Android da ke nuna jeri, ita ce: da zarar ya sa akwati a cikin layi, sai layin ya daina amsawa. Ya danna rubutu, shiru. Dalili kuwa, akwatin yana cikin abubuwan da ke jan hankalin tsarin gare su, to shi kuma ListView idan ya ga irin wannan a cikin layi, sai ya bar masa fagen. Maganinsa a hana akwatin jan hankalin tsarin: a sa wa akwatin focusable="false", ko a sa wa layin gaba ɗaya descendantFocusability="blocksDescendants". Da yawa suna ƙarawa da hana akwatin karɓar dannawa kwata-kwata, layin ne zai karɓa ya kunna shi. Wannan ya fi, domin duk inda yatsa ya sauka a layin ya wadatar, kuma TalkBack, mai karanta wa makafi abin da ke kan allo, zai karanta layin a matsayin abu guda.

Makin da ke yawo

Nan ne ainihin wahalar take. Jeri mai ɗauke da sunaye dubu ba ya gina layi dubu. Yana gina 'yan kaɗan da za su cika allo, sannan duk layin da ya fice ta sama a dawo da shi ta ƙasa, a sauya masa rubutu. To idan mai rubuta manhajar ya sauya rubutu amma ya manta da akwatin, sai a ga abin mamaki: ka zaɓi shinkafa a layi na biyu, ka ja jerin ƙasa, ka tarar da maki a kan sabulu a layi na goma sha biyu, alhali ba ka taɓa shi ba. Akwatin shinkafar ne aka ara masa.

Saboda haka ba a barin akwati ya riƙe wa manhaja amana. Ana adana zaɓin a cikin bayanan kansu, ko a cikin SparseBooleanArray, wata ma'ajiya da ke riƙe eh ko a'a ga lambar kowane layi, kuma duk lokacin da za a nuna layi sai a gaya wa akwatinsa matsayinsa, ko eh ko a'a. Akwai kuma wani tarko a nan: setChecked, umarnin da ake saita akwatin da shi, da kansa yana tayar da OnCheckedChangeListener, wato mai sauraren da ke jiran sauyin akwatin, tamkar mutum ne ya danna. Idan tsohon mai sauraren yana nan maƙale, zai je ya ɓata bayanin wani layi daban. Shi ya sa ake cire shi tukuna, a saita akwatin, sannan a mayar da sabo. Wasu kuma su koma ga OnClickListener, mai sauraren dannawa kawai, wanda setChecked ba ya tayarwa.

ListView na da hanyar da ke ɗauke wannan nauyi, wato saitin CHOICE_MODE_MULTIPLE tare da CheckedTextView (rubutu mai haɗe da wurin maki), inda jerin da kansa ke tuna abin da aka zaɓa. RecyclerView, wanda ya zo a 2014 ya maye gurbinsa, bai zo da wannan ba, sai dai a haɗa shi da wani ƙunshin kayan aiki na daban ko a rubuta da hannu. A Jetpack Compose, kayan aikin Google na gina fuskar manhajar Android, wanda cikakken zubinsa na farko ya fito a 2021, akwatin ba ya riƙe komai tun asali: ana miƙa masa matsayinsa daga waje, shi kuma ya nuna.