Sanduna Shida Ba Ƙusa Ba Gam: Tambayoyi da Amsoshi Kan Kullin Katako

Akwai wani ɗan dunƙulen katako da nake ajiyewa a zaurena a nan Katsina, kuma da wuya baƙo ya zauna bai ɗauke shi ya jujjuya ba. Wasu kan mayar da shi da ladabi, wasu kuma sai an kira sallar la'asar suna fama da shi. Tambayoyin da aka fi yi mini a kansa su ne na tattara a nan.

Malam, mene ne wannan abu, kuma me ya riƙe shi?

Wasan wasa ƙwaƙwalwa ne da ake yi da sanduna shida masu kusurwa huɗu, waɗanda tsawonsu da kaurinsu ɗaya ne. An raba su gida uku, bibbiyu, kowane biyu sun gitta sauran: biyu a tsaye, biyu a kwance daga dama zuwa hagu, biyu daga gaba zuwa baya. A tsakiyar sandunan an yanke gurabe, ta yadda kowace za ta shige cikin 'yar'uwarta ta tokare ta. Babu ƙusa, babu gam. A mafi sauƙinsu akwai sanda ɗaya wadda ba a yi mata gurbi ba, ita ce ta ƙarshe wajen shiga kuma ta farko wajen fita, aikinta kamar na sakata a ƙofa. Ni dai kullin katako nake ce masa.

Daga ina ya samo asali?

Mutanen Sin suna kiransa kwaɗon Lu Ban, suna jingina shi ga wani shahararren masassaƙi da ya rayu tun kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, wasunsu kuma ga masanin dabarun yaƙi Kongming. Wannan jinginawa ta labarin baka ce. Abin da ke a takarda shi ne siffarsa ta bayyana a wani zane na Bafaranshe Sébastien Leclerc na shekarar 1698. A Japan ana kiran irin wannan aiki kumiki, kuma yankin Hakone da Odawara ya yi suna a kansa, abin da ba zai ba da mamaki ba a ƙasar da kafintocinta suka gwanance wajen haɗa katako ba tare da ƙusa ba. Sunan da Turawan Ingilishi suka sa masa kuwa, wato burr, na 'ya'yan ciyawa ne masu ƙaya da ke maƙale wa tufa, wato dai irin ƙarangiyarmu.

Sanduna shida kacal, ina wahalar take?

Wahalar tana cikin gurabe, domin daga waje duk kullin kama ɗaya suke yi, amma abin da ke ciki ya bambanta. Wani Ba'amurke mai suna Bill Cutler ya yi amfani da kwamfuta ya ƙididdige abin, ya kammala a 1990. Akwai siffofin sanda 837 da za a iya yankewa, kuma hanyoyin jera su sun haura biliyan 35, ko da yake mafi yawansu a lissafi kawai suke tsayawa, hannu ba zai iya harhaɗa su ba. Daga cikin siffofin, 59 ne kawai ake iya yi da yankan zarto miƙaƙƙe daga gefe zuwa gefe, 25 daga cikinsu kuma su ne ke ba da kulli 314 waɗanda babu wani rami da ya rage a cikinsu.

Wanda ba shi da rami a ciki, da motsi ɗaya yake fara buɗewa. Idan aka bar ramuka da gangan, sai sandunan su sami wurin zamewa ba tare da sun fita ba, a tura wannan, a ja waccan, a mayar da ta farko. Akwai wanda sai an yi motsi 12 kafin sanda ta farko ta fito.

Wane itace ya dace da mai son farawa a Katsina?

A ganina maɗaci ya fi, idan ya bushe sosai. Yana da ƙarfi daidai gwargwado, zarto yana cinsa ba tare da gefen gurbin ya ɓare ba, kuma jan launinsa yana ƙara kyau da yawan riƙewa. Malaina tana da araha da laushi, ta dace da koyo, amma bakin gurbinta kan cinye da wuri, sai kullin ya fara girgiɗi. Ƙirya da marke, waɗanda masassaƙa suka san taurinsu, za su daɗe ƙwarai, sai dai suna dakushe kayan aiki, kuma ba na ba sabon shiga shawarar ya fara da su. Kanya tana da kyau ga wanda hannunsa ya faɗa.

Ba a buƙatar sayen falanki guda. Guntayen da ke zube a shagon kafinta ko wajen 'yan katako sun isa, da sharaɗin a fitar da dukkan sanduna shidan daga guntu ɗaya, domin su riƙa kumbura da motsewa tare.

Yaya awon yake?

A nan ne aikin yake tsayawa ko ya lalace. Idan kaurin sanda santimita 2 ne ta kowane gefe, tsawonta kada ya gaza santimita 6, zurfin kowane gurbi kuma santimita 1 ne, wato rabin kaurin, faɗinsa kuwa 1 ko 2 ko 3 ko 4, gwargwadon siffar da ake so. Kuskuren rabin milimita da ba zai dami mai yin benci ba, a nan yana taruwa daga sanda zuwa sanda har ta shida ta ƙi shiga. Saboda haka ya fi kyau a kai katakon wajen mai injin gogewa ya fitar da doguwar sanda ɗaya mai kauri daidai, sannan a yayyanka ta gida shida. A zana layi da bakin wuƙa, domin layin fensir yana da kauri. A yanka ta cikin layin, sannan a ƙarasa da magagari a hankali ana gwadawa. Abin da aka rage da katako ana iya ƙara cirewa, wanda aka wuce kuwa sai sabuwar sanda.

Na yi nawa da hunturu yana aiki lafiya, da damina ta sauka sai ya cije. Me ya faru?

Wannan ya taɓa samuna da kulli na farko da na yi alfahari da shi, wanda na yi a watan Janairu na matse shi tsam. Katako yana shan danshin iska ya kumbura, kuma kumburin ta kauri yake yi, tsawon kusan ba ya sauyawa. A ƙasar Katsina tazarar da ke tsakanin busasshiyar iskar hunturu da danshin watan Agusta babba ce, don haka abin da ya zauna daram a Janairu zai kulle kansa a tsakiyar damina, wanda aka yi da damina kuma zai saki jiki da rani har sakatar ta riƙa zamewa da kanta. Mai yi da rani ya bar 'yar tazara kamar kaurin takarda guda a kowane gurbi, mai yi da damina kuma ya ɗan matse.

Idan ya riga ya cije, kada a ɗauko guduma. A ajiye shi a busasshen wuri na wasu kwanaki, ko a jira iskar kaka. Kada kuma a shafa fenti ko banish a cikin gurabe, domin suna ƙara kauri kuma suna danƙo da zafi. Ɗan kakin zuma da aka goge da ƙyalle ya wadatar.

Akwai dabarar warware shi?

Buɗewa ta fi sauƙi. A tura kowace sanda ta ɓangarorinta biyu da ɗan yatsa har a sami mai motsi, kuma duk inda aka ji sai an sa ƙarfi, to ba nan ba ne. Mayarwa ce jan aiki. A ware sakata gefe guda, a tuna cewa dole ne sauran biyar ɗin su bar mata miƙaƙƙiyar hanya mai kusurwa huɗu daga wannan baki zuwa wancan. Wadda za ta kwanta kusa da ita, da waɗanda za su gitta ta, duk sai gurabensu sun fuskanci wannan hanya. Daga nan zaɓin yana raguwa ƙwarai. Wasu kan ɗauki hoto da waya yayin buɗewa, ni kuwa ina ganin wannan kamar a faɗa wa mutum amsar kacici-kacici ne kafin ya ba da gari.

Yara fa, da me za su fara?

Da wanda ake kira Soma, wanda Piet Hein ɗan ƙasar Denmak ya ƙirƙiro a shekarun 1930. Ana yanka ƙananan dunƙule 27 masu gefe daidai, a manna su da gam su zama guntaye bakwai, ɗaya mai dunƙule uku, shida masu hurhuɗu, kowanne da irin lanƙwasarsa. Aikin yaro shi ne ya haɗa su su koma babban dunƙule mai uku ta kowane gefe, kuma akwai hanyoyi 240 na yin haka. Guntayensa ba sa kulle juna, saboda haka ƙaramin kuskuren awo ko danshin damina ba ya hana shi aiki.